Maganin Shanu a Ƙafar Arvid

"Na ce ka naɗe wandon in gani, Yaya."

"Me za ki gani? Ƙafa ce irin taki, sai dai tawa ta fi kyau."

"Mai kyan ce ka shigo da ita kana dafa bango?"

Arvid Tollefsrud ya ci gaba da kurɓar kofinsa, ƙanwarsa Marlys tana tsaye a kansa. Tun rasuwar matarsa ita ke zuwa gonar da safe ta dafa masa abinci, kuma ba ta iya gani ta yi shiru ba.

A wannan gona ta yammacin jihar Wisconsin a Amurka aka haife shi, a nan ya tsufa. Maƙwabta sun daɗe da gina ɗakin tatsa na zamani, inda mutum ke tsayawa cikin rami nesa da kofato. Shi kuwa yana nan a tsohuwar rumfar mahaifinsa, yana tsugunawa tsakanin saniya da saniya ya maƙala musu injin tatsa. Mai irin wannan aiki ƙwaurinsa ba ya rabuwa da shuri. Tabo ya yi baƙi, ya koma kore, ya yi rawaya, kafin ya ɓace wani ya sauka a kansa. A wajen su Arvid wannan ba ciwo ba ne. Abin da ake yi wa dabba shi suke yi wa kansu: man zafi da ake shafa wa hantsa idan ta kumbura, a murza sosai, a ɗaure tam da bandejin dabbobi, a zura dogon takalmi a koma aiki.

Haka ya yi da wata karsana mai haihuwar fari ta harbe shi a ƙasan gwiwa. Abin da bai sa a ransa ba shi ne, tun bara da zuciyarsa ta fara ba shi matsala yake shan maganin tsinka jini.

Da Marlys ta gaji da magiya sai ta durƙusa ta yanke bandejin da almakashin kicin. Ƙafar ta yi baƙi tun daga gwiwa har idon sawu, fatar tana sheƙi. Ta danna sharaɓar, ta ji ta kamar itace. Ta matsa babban yatsan ƙafar.

"Ka ji?"

"Na ji mana."

"Ai na saki tun ɗazu, Yaya. Wanne na taɓa?"

Ya dubi taga. Ta ɗauko makullin mota.

A asibitin garin wata likita ta tanƙwara masa yatsun sama, sai ga zufa ta karyo wa dattijon da bai taɓa cewa wayyo a gaban mutane ba. Hoto ya nuna ƙashi lafiya lau. Jini ne ya yi ta tsiyaya a cikin naman, bai samu mafita ba, ya matse jijiyoyi.

"Baba, me ka shafa a nan?" in ji likitar.

"Abin da nake shafa wa 'yan matana."

"Shanu yake nufi," in ji Marlys.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce zafi da murza su suka ƙara buɗe wa jinin hanya, ɗaurin kuma ya ƙarasa ɓarnar. Da ƙanƙara ya ɗora, ya miƙe ƙafar a kan matashi sama da ƙirjinsa, da wata magana ake yi. Mai shan irin maganinsa kuwa, duk bugun da ya kumbura haka, ranar ya kamata a gan shi. A ranar aka tsaga sharaɓar ta gefe biyu don jinin ya fita.

Ƙafar ta tsira, amma jijiyar da ke ɗaga tafin ba ta farfaɗo ba. Da aka sallame shi, sai ya ɗaga gwiwa sama yake iya taku, tafin yana faɗuwa tim a ƙasa. Tsuguno ya gagara. Ya gwada tatsa a zaune kan bokiti, Marlys ta ɗaura masa garkuwar ƙwauri irin ta masu wasan kan ƙanƙara, ya ce ta mai da shi ɗan makaranta, amma bai cire ba. Duk da haka idan saniya ta motsa ba ya iya kaucewa. Sau ɗaya ya faɗi ƙarƙashin wata, ya daɗe kwance cikin kashi kafin ya kamo ƙarfe ya tashi.

Bai gaya wa kowa ba. Da kansa ya kira dillalin shanu, aka sa ranar Talata za a zo a kwashe su.

Ranar Litinin da la'asar Marlys ta tarar da shi a bakin ƙofa yana fama da takalmi. Ta durƙusa ta tura masa tafin ciki.

"Ka bari in kira ɗan maƙwabcinka Halvorson ya tatse shanun. Na yau da na gobe ne kawai ya rage."

"Hannunsa sanyi gare shi, ba sa so."

"Kai kuma fa?"

"Ni ma ba na so."

Ya kama sandarsa ya sauka daga matakala a hankali, ya nufi rumfar yana jan ƙafa, shanun kuma sun fara kuka daga ciki.