Na Ga Maiƙo a Bakinta, Na Yi Shiru

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciyata, ina aure a Kwantagora, muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ko fara zancen Jihar Neja ba. Maigidana fataucin dawa yake yi, ya fi zama a kasuwannin ƙauye a kan gida. A unguwa an yi mini shaidar kunya, ni kuma ina jin daɗin shaidar. 'Yata ɗaya, kuma ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi sai in kau da kai wani ya tashe ta. Duk wata magana a kanta ta wan mijina ce, wanda muke gida ɗaya da shi.

Wan mijin nan nawa ya taɓa yin gadi a ƙofar asibiti na ɗan lokaci, tun daga nan ya naɗa kansa likitan unguwa. Ba cutar da bai san kanta ba, ba maganar da za a yi bai ɗora tasa a kai ba. Shi ya saba wa yarinyar da alewa, har ta riƙa barci da ita a kumatu. Tana shekara huɗu haƙoranta na gaba suka yi baƙi suka gutsure, na ciki suka yi rami, fuska ta kumbura, ko tuwo ba ta iya ci. Babban likitanmu ya kawo mai cire tsutsar haƙori, aka yi mata hayaƙi, aka nuna mana wasu 'yan abubuwa a ƙwarya aka ce su ne. Kumburi bai san an yi ba.

Sai aka ji likitan haƙori ya zo daga Kaduna zai yi kwana biyu. Da ya duba ta, ya ce ba za ta tsaya a cire mata ido biyu ba, sai an shaƙa mata maganin barci a fitar da ruɓaɓɓun gaba ɗaya. Wata nas ta ja mana kunne, ta maimaita, cewa bayan tuwon dare kada komai ya shiga cikinta, ko kunu, sai an gama. Wan mijina na ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga kowa sani.

Da safe maigida yana Kumbashi, don haka Yaya, wato wan mijina, ya riƙe hannunta suka yi gaba, ni ina can baya da nisa kamar yadda ya kamata. Da na iske su a kan bencin jira, sai na ga maiƙo a leɓenta da haɓarta. Masu ƙosai suna nan a bakin ƙofa, ba na bukatar a gaya mini. Nas ta zo ta tambaya ko ta ci wani abu, ya ce ko ruwa. Daga baya na ji hujjarsa: wai tun yana gadi ya gano dokar nan, don kada yara su ɓata musu daɓe ne kawai. Nas ta juyo ta tambaye ni ko ni ce uwar. Na sunkuyar da kai. Wata dattijuwa a gefena ta amsa cewa 'yar fari ce, ba zan tanka ba. Nas ta yi murmushi ta ɗauki yarinyar.

Sauran yaran da aka yi wa aiki ranar sun fito da auduga a baki suna layi, kafin la'asar iyayensu sun goya su gida. Tawa ta yi amai tana cikin barci, aman ya sauka huhunta. Likita ya fito ransa a ɓace, ya ce da an faɗa masa gaskiya, ɗage aikin kawai zai yi zuwa gobe. Ta kwanta da zazzaɓi, numfashi na fita da ƙyar, ta cika kafin saƙo ya kai ga ubanta.

A zaman makoki ina jiyo muryar Yaya daga zaure, yana koya wa maza cewa maganin barcin Nasara ya fi ƙarfin yaro, shi ya daɗe da sani. Aka yi ta jinjina masa, har wasu suka fasa kai nasu yaran. Mata kuma suka cika ɗakina suna sa mini albarka, wai ko ɗigon hawaye ban yi ba, a yi koyi da ni. Na raina shi, na raina masu sauraronsa, amma ba wanda na raina kamar matar da ta zauna tana karɓar wannan yabo.

Na san kwana ba ya wuce lokacinsa, amma ba za a tambaye ni kwananta ba, shiruna za a tambaye ni. Aikin haƙori bai kashe 'yata ba. 'Yan'uwana mata, in ma'aikacin asibiti ya tambaye ki abin da ɗanki ya ci, ki buɗe baki ki faɗa, ko wa ke tsaye a kanki. Masu cewa ba ki da kunya za su gaji su bari. Ni unguwa kaf ta yabe ni, aka kuma naɗe 'yata a tabarma aka fita da ita.