Ranar da Haulat Ta Hau Ƙanƙara da Silifas

Labari ya iso mini daga Kazaure, ta bakin mutum uku, wai Haulat 'yar gwaggona ta zama 'yar wasan zamiya a kan ƙanƙara a nan Doha. Wai takan tashi sama ta juya sau bakwai kafin ta sauko, har an rataya mata zinare mai nauyin dutsen niƙa. Wani ma ya rantse ya gan ta a talabijin da lulluɓinta. To jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ni ne direban gidan da take aiki, a idona aka yi komai. Sau ɗaya tak Haulat ta taɓa taka ƙanƙara a duniya, kuma ba ƙafarta ce ta fi daɗewa a kai ba.

Ni ɗan kawunta ne, ita 'yar gwaggona, saboda haka har gobe "bawana" take ce mini, ni kuma ina da lasisin faɗin gaskiya a kanta har da gyara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da zuwanta, bayan rasuwar mijinta. Raino ta samu a wani gida a unguwar Al Rayyan, aka miƙa mata jaririya 'yar wata biyu mai suna Sumaiya. Da goyo irin na gida ta raine ta, da zani da majanyi, har yarinyar ta fara cewa "ban so" kafin ta iya "yalla" ta Larabcin gidansu. Daga baya ita ta yi mini hanya na zo.

Wanda bai san Haulat tana yarinya ba, bai san ta ba. A dandalin unguwarmu ita ce sarauniyar gaɗa. 'Yan mata za su yi da'ira suna tafi, ita tana tsakiya tana rausaya, sai kawai ta saki jiki ta faɗo da baya, ba waiwaye, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta gaba. Wasu sun fi ta nisan cilli, akwai wadda na tabbata ta taɓa reshen darbejiya da goshi. Amma in Haulat ta buɗe hannuwa kafin ta faɗo, har mai ƙosai sai ta bar mai yana ƙonewa. Dokar wasan ɗaya ce: ba a barin ta tsakiya ta kai ƙasa. Wadda ta janye hannu, sai ta yi mako ba mai kula ta. Yanzu an yi shaguna a wurin. Cikin ƙawayen nan, biyu sun rasu, sauran aure ya watsa su.

Da Sumaiya ta kai shekara bakwai aka sa ta koyon zamiya a filin ƙanƙarar da ke cikin wani katafaren kanti, irin wanda a waje zafi na gasa ƙwai, a ciki kuwa sai da rigar sanyi. Ranar farko Haulat ta shiga tana mita, wai wane irin iyaye ne ke ɗaura wa 'ya wuƙa a ƙasan takalmi. Sai wata budurwa ta wuce ta gabanmu a ƙafa ɗaya, hannuwa a buɗe, kai a karkace, tana bin kiɗa. Haulat ta yanke mitar, ta kafa mata ido. Mutumiyar da ko a barci tana magana. Can na ji tana tafi a hankali a kan cinyarta, tafin gaɗa, biyu da ɗaya. Tun daga ranar, Talata da Asabar, ranakun koyon, suka zama Sallarta. A duk faɗin Doha nan ne kawai take komawa gida ba tare da jirgi ba.

Nan kuma rigimarmu ta samo asali. Ni ɗan dambe ne a zuciya, abin da nake so tsalle. Yarinya ta tashi, ta juya uku a sama, ta dira ƙanƙara ta yi ƙara, wannan shi ne wasa. Mumin, mai gadin filin, ɗan zangon Kumasi, yana goyon bayana. Mukan buɗe gasar manya a waya muna ƙirga juyi kamar masu ƙirga buhu. Haulat kuwa ko kallon ƙafa ba ta yi. Hannu take kallo, da wuya, da yadda yarinya ke shiga kiɗa. Wata Juma'a a Corniche, wato bakin teku, da yamma muna shan iska kusa da jiragen katako, na nuna mata wadda ta ci gasa da tsalle huɗu. Ta ce wannan ai buhun gero aka wurga, ya yi sa'a ya faɗo a tsaye. Wadda ta zo ta biyar kuwa sai da ta sa na maimaita mata ita har batir ya mutu. Ta ce alƙalan nan da za a kai su Kazaure, ko rabon goro ba za a ba su ba.

Sai ga gasar yara ta zo a bara. Iyaye sun cika benci, alƙalai uku da takardunsu. Sumaiya ta fara lafiya, hannuwanta kamar an aro su daga dandalinmu. Da ta zo babban tsallenta, ta tashi a karkace. Kowa a wurin ya san in yaro ya faɗi, tashi yake ya ci gaba, an rage maki kaɗan, khalas, shi ke nan. Kowa ban da Haulat. Ita a ƙa'idarta ta tsakiya ba ta kaiwa ƙasa. Kafin in ƙifta ido ta ture ƙofar shinge ta faɗa fili da silifas, hannuwa a gaba.

Taku biyu ta yi. Na ukun ƙanƙara ce ta yi mata shi. Ta tafi da mazaunai tun daga wannan bango, ni dai a lissafina ta kusa shiga Bahrain. Silifas ɗaya ya wuce teburin alƙalai. Sumaiya, wadda tuni ta miƙe da kanta, ta bar wasanta ta zo tana ɗaga mai rainonta. Aka kashe kiɗa. Mumin ne ya jawo Haulat da rarrafe yana ba ta haƙuri da Hausarsa ta zango. Yarinya ta zo ta ƙarshe.

Madam, uwar Sumaiya, ba ta ɗaga murya ba. A mota ta faɗi magana ɗaya: aiki yana nan, amma Haulat ba za ta ƙara shiga filin ba.

Na ɗauka za ta roƙa. Ba ta roƙa ba. Talata da Asabar takan shirya wa yarinya jaka, ta raka ta bakin ƙofar filin, ta dawo ta zauna a mota cikin garejin ƙasa har a tashi. Na yi ta tsokanarta, na ce ko in samo mata ƙanƙarar firji ta ci gaba da atisaye. Ko "bawana" ba ta ce mini ba. Nan na tsorata. Wata rana na leƙa madubi na ga tana tafi a cinya ita kaɗai, ba kiɗa, ba kowa.

Mako biyar aka yi haka. A ciki kuwa Sumaiya ta daina tashi. Sai ta taho da gudu, ta zo gaɓar tsalle, ta fasa. Kociyarta, wata doguwar baturiya mai fuskar shanu, ta gwada duk dabararta. Da aka matsa wa yarinya sai ta faɗi gaskiya. Ashe tun tana ƙarama suke gaɗa a falo in Madam ta fita, tana faɗowa da baya Haulat na cafewa. Da tafin nan na biyu da ɗaya take ƙirga takunta kafin ta tashi, kuma in ta waiga benci ba ta ga mai cafe ta ba, ƙafar ba ta yarda.

Kociya da kanta ta sami Madam. Aka dawo da Haulat bisa sharaɗi: layi na huɗu za ta zauna, ni kuma in zauna tsakaninta da ƙofar shinge. Ranar da ta koma ta sa atamfar da take ajiye wa Sallah. Ta zauna, ta fara tafinta. Sumaiya ta waigo sau ɗaya, ta tashi, ta juya biyu cur, ta dira a tsaye. Mumin har da cire hula.

Na ga dama ta samu, na duƙa kusa da kunnenta. Na ce to ranki ya daɗe, yau dai a amsa. Ba don lanƙwasa hannu aka dawo da ke ba, don tsalle ne. Tsalle ya yi belinki.

Ba ta ɗauke ido daga kan yarinyar ba, tafin ma bai tsaya ba.

"Tsalle ai ko kwaɗo yana yi, bawana, kuma ban taɓa ganin an taru ana kallonsa ba. Kauda wannan ƙaton kan naka, kana tare mini hannunta."