Rakiyar da ta raba ni da sola

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina riƙe da wani ɗan ɗakin karatu na unguwa a Talata Mafara, wata ƙungiya mai tallafa wa ɗakunan karatu ta zo mana da albishir. Za su sa sola da fankoki da kwamfutoci, amma wuri ɗaya tak: ko nawa, ko na abokina da ke Bakura. Wanda ya fi samun masu shigowa shi zai samu. Kuma ba bakinmu za su bi ba, na'ura za a kafa a ƙofa ta ƙirga mutane tsawon zangon karatu guda.

Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗakin kwano a Mafara da bazara ya san darajar fanka. Ni kam tun a ranar na zaɓi kusurwar da zan jera kwamfutocin.

Abokin nan nawa tun firamare muke tare. Na fi shi karatu, wannan ko shi ba ya musu, amma shi ake so. Ni ke yin na ɗaya a aji, shi ake ba monita. In muka je biki tare, shi ake tambaya ko ya ci abinci. Ina ƙaunarsa, amma ƙyashinsa ya daɗe a raina, kamar tsakuwa a takalmi.

Na'urori iri biyu aka kawo, aka ce kowa ya zaɓa. Ɗaya wasu ƴan akwatuna ne biyu da ake mannawa a gefen ƙofa, wani haske da ido ba ya gani yana ratsa tsakaninsu, duk wanda ya gitta ta ƙirga shi. Ɗayar kuwa kyamara ce a saman ƙofa, tana bambanta mai shiga da mai fita, har ana iya koya mata ta daina ƙirga ma'aikacin wurin. Abokina ya ɗaga ƴan akwatunan ya jujjuya, ya ce, "Ni wagga ta ishe ni, ba ta da wuyar sha'ani." Ni kuwa na yi ta jero tambayoyi da Turanci don baƙin su san da wa suke magana, sannan na ɗauki kyamara. Na koma gida ina jin tausayinsa.

Tausayin bai yi nisa ba. Da aka turo mana sakamakon watan farko, ya kusa ninka ni har sau uku. Bakura fa! Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa. Abincin rana ma a ranar sai da aka mayar da shi kicin. Da wata na biyu ya zo da irin haka, na hau mashin na nufi Bakura, wai ziyara.

Na samu kujera a lungu na buɗe jarida, amma idona na ƙofa. Wani dattijo ya gama karatu ya miƙe. Abokina ya ajiye abin da yake yi, ya kama hannunsa, suka fita tare. Ina jin su a waje, a gaida iyali, ya mai jiki, Allah ya kai mu. Sai da ya kai shi bakin titi sannan ya dawo. Wasu ɗalibai mata suka tashi, ya raka su har waje yana tambayar jarrabawa. Wani manomi daga wajen Dosara ya zo neman littafin noman albasa, shi ma aka raka shi har gindin mashin ɗinsa. Kuma duk fitar abokina da dawowarsa, ƴan akwatunan nan suna ƙirga shi a matsayin baƙo.

Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Daɗi ya cika ni har wuya.

Na kira shi gefe na ce, "Malam, rabin jama'arka ai kai ne." Na yi masa bayani dalla-dalla, ina jiran in ga fuskarsa ta sauya. Sai ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi! Ashe ni na'urag ga ka ƙirgawa? Allah shi saka maka, da na ci haƙƙinka ban sani ba." A gabana ya kira mutanen ƙungiyar ya faɗa musu komai. Ko wannan ma sai da ya ba ni haushi, don na so ya ɗan yi gardama.

Aka soke ƙidayar baya, aka sa masa kyamara irin tawa, aka koya mata ta daina ƙirga shi. Na koma Mafara na sa aka share kusurwar kwamfutoci.

Da zangon ya ƙare, ya sake fi na. Ba ninki uku ba, amma da tazarar da ba ta bar mini abin cewa ba. Ni na zaɓi na'urar da ba ta kuskure, ni na sa aka kai masa ita, kuma ita ta yanke mini hukunci.

Na je wurin mahaifiyata ina ta ƙorafi, ina cewa mutanen Bakura ba karatu ke kai su ba, hira ce. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To mi ag gare ka da hirarsu? Ran da nit tai wurin aikinka in gane ka, daga zaune kac ce mani sai an jima Inna. Ni da nih haihe ka ko ƙohwa ba ka kai ni ba."

Na miƙe na yi mata sallama.

Abin da na gane daga baya shi ne, rakiyar da na ɗauka ita ce kuskuren ƙidayarsa, ita ce ke dawo masa da mutane. Ni littattafai nake tsaro, shi mutane yake tarba. Yanzu nakan tashi in taka wa baƙo, ko da yake matata ta ce fuskata a lokacin kamar ta mai korar akuya.

Ƙyashin kuwa, kada in yi muku ƙarya, bai tafi duka ba. Har yau in na je Bakura nakan zauna ƙarƙashin fankar da na ƙwallafa wa rai, jikina ya yi sanyi, zuciyata ta ƙi. In na miƙe zan tafi, sai ya ajiye komai, ya kama hannuna, ya raka ni har bakin titi.