Kunnena na Hagu

Na daɗe ban ce komai ba a shafin nan. Amma makon nan ko'ina hotunan mutane ne da riguna ruwan lemo, wai duniya tana yaƙi da dukan mata. Har tsohuwar maƙwabciyata na gani a ciki tana murmushi. Raina ya ɓaci, dole in yi magana.

Lokacin Taraba tana sabuwar jiha, ina buga tafireta a ofishin gwamnati, muna zaune a unguwar Majidaɗi. Wata safiya maigidana ya kwaɗa min mari don ban goge masa kaftani ba, alhali babu wuta. Kunnena na hagu ya yi ɗif.

Ruwa ya fara fita, daga baya mugunya mai wari. Jiri yana ɗibata a ofis. Ogan ofis ya yi kira ban ji ba, ya ce raini ne.

Maƙwabciyar nan na nuna wa. Ta ɗiga min man zaitun, ta ce, "Ki rufa wa mijinki asiri."

Sai da zazzaɓi ya kayar da ni na je asibiti. Likita ya haska kunnen, ya ce, "Madam, dodon kunnenki ya fashe. Wa ya buge ki?"

Na ce ƙofa ce.

Ya ajiye biro. "Kowace ta zo sai ta ce ƙofa. Ku daina yi wa ƙofa sharri."

Aka kwantar da ni. Allura safe da yamma, wankin kunne mai sa hawaye, magani ya cinye albashina. Babban tsorona kada ciwon ya hau ƙwaƙwalwa in bar yarana.

Dangi suka zo zaman sulhu a bakin gadona. Ko mutum ɗaya bai tambayi kunnen ba.

Sai Goggo, yayar babana, ta zo daga unguwar Mayo Gwoi. Ta dube su, ta ce, "In an sallame ta, gidana za ta. Mai magana ya same ni can."

Ban koma auren ba. Ciwon ya warke, ji bai dawo duka ba. Har yau jikokina ta dama suke zagayowa su yi min raɗa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan. Goggo, Allah Ya haskaka kabarinki.

'Yar'uwa, kada ki ɗiga komai a kunne, ki je asibiti da wuri, ki faɗi gaskiya. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta dawo da ciwo, ku fara kai ta wurin likita kafin ku ce mata haƙuri.