Shekara Bakwai Babu Habibu, Hotonsa Na Kan Kwalbar Ƙarya

A wannan watan ne abokina Dakta Habibu ke cika shekara bakwai da rasuwa. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma abin da na gani a Bukit Bintang ya hana ni.

Tare muka zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku, muka yi zaman ɗaki ɗaya a Wangsa Maju kafin iyalinsa su iso. Kimiyyar abinci ya karanta, bincike kuma ya kai shi arewacin Italiya, gidan wasu iyali da suka gaji yin ruwan khal ɗin balsamik kaka da kakanni. Ya dawo kamar an canza shi. Ya ba ni labarin yadda suke dafa ruwan inabi har ya yi kauri, su zuba a gangunan katako da aka jera daga babba zuwa ƙarama a saman gida. Duk shekara a ɗebi kaɗan daga ƙaramar, a cike ta daga ta kusa da ita, ba a taɓa barin ganga ta ƙare. Ƙasa da shekara goma sha biyu ba ya amsa sunansa. Tsohuwar gidan ta nuna masa jerin da mahaifinta ya kafa ranar da aka haife ta, har lokacin ana ɗiba.

Da matarsa Nafisa ta haifi Hanan, sai Habibu ya nemo ƙananan ganguna biyar, ya sayo dabino a kasuwar Chow Kit, ya kafa wa jaririyar nata jerin a baranda. Na ce masa, “To yanzu ka zama ɗan Italiya.” Ya ce, “A'a, Malam Aminu. Su da inabi suke yi, suna da sanyi da zafi. Mu zafi ne kawai. Ba zan ci sunan mutanen da suka ba ni masauki ba. Wannan khal ɗin Hanan ne.”

Ciwon hanta ya ɗauke shi yarinyar na shekara huɗu. Sagir, ɗan garinsu da Habibu ya riƙe sa'ad da aka kori yaron daga kwaleji, shi ya zo bayan zaman makoki ya ce wa Nafisa ta ba shi gangunan ya kula da su. Mace cikin takaba, ta ba shi.

Makon jiya na shiga shagon Sagir a Bukit Bintang. Kwalabe jere, tutar Italiya a wuya, hoton Habibu a jiki, an rubuta wai shekara ashirin da biyar. Na ɗanɗana: khal ɗin kanti ne da ƙonannen sukari. Gangunan kuwa suna bakin ƙofa a bushe, katakon ya tsage, an soka musu furen roba. Sagir ya kwashe abin da ke ciki tun shekarar farko.

Na ce, “Sagir, ba ka ji kunyar marigayi ba?” Ya yi dariya ya ce da salon maganar mutanen ƙasar nan, “Haba Yaya, kasuwa ce lah. Ai sunansa nake rayawa.”

Me Habibu zai ce? Na san shi, ba zai yi ihu ba. Zai fara kiran iyalin nan na Italiya ya ba su haƙuri, wannan ne kuma ke ƙona mini rai. Mutumin da ya ƙi yin ƙarya a kan ganga biyar a baranda, yau fuskarsa ake sayar da ƙarya da ita. Mu ma da muka yi masa salla, muna wucewa muna gaisawa da Sagir kamar ba komai.

Gangunan sun mutu, ba mai gyara su. Abin da ya rage na Habibu shi ne shaidar da muke yi masa cewa bai taɓa kiran abu da sunan da ba nasa ba, ita ce kuma gadon Hanan. Don haka, Sagir, ka cire hoton nan. In ka ƙi, kowace Juma'a za ka same ni a ƙofar shagonka, ina gaya wa duk mai shiga abin da ke cikin kwalbar.

Allah ya jiƙan Habibu, ya raya abin da ya bari.