Rabo Mai Liƙin Bido da Gwajin Yashi

Kafin rana ta yi zafi, Rabo ya riga ya hura gawayi a gindin dogon yaron da ke bakin kasuwar Dakoro, ya tura ƙarafansa cikin wuta. Sana'arsa liƙin roba: bokiti, buta, takalmin da ya tsinke, amma fiye da komai bido, jarkar nan ta ruwa. Abin da muke watsarwa a bola shi ne jarinsa. Da shi matan unguwa suka koyi tara fasasshen kaya a bayan ɗaki, har in wata ta ɗaga hannu za ta jefar, sai maƙwabciya ta ce, "Ke, aje, na Rabo ne." Matarsa Habi kan yi masa tsiya wai ita bola ta aura, bola mai carbi. Shi dai sai ya yi dariya ya ci gaba da tsince-tsincensa.

Yana da doka guda da ta sha jawo masa ƙorafi. In ya liƙe bido, sai ya cika shi da ruwa, ya ɗora kan busasshen yashi, a jira la'asar. In yashin ya nuna laima ko kamar ƙwayar gero, aiki ya koma baya. Mai gaggawa ya yi ta tsaki, Rabo ko a jikinsa. Ya san yawancin bidunan nan arewa suke nufa, wajen Azagor, inda tsakanin rijiya da rijiya tafiya ce mai nisa, ɗigon da muke rainawa a gari kuma can ran mutum ne.

Sau ɗaya ya karya dokar, kuma ita ta hana shi sukuni. Wata shekara da damina ta yi jinkiri, wani makiyayi mai suna Samba ya zo da bido tsagagge, ga matarsa, ga 'yar ƙaramar ɗiyarsu bisa jaki. Babu robar da ta dace a cikin tarin, sai Rabo ya shiga gida ya juye ruwan Habi a randa, ya yanko gefen bidonta ya liƙa. Da ya nufi yashi, Samba ya riƙe masa hannu.

"Malam Rabo, bisashe sun yi gaba. In na tsaya har la'asar, ba ni cim masu."

Rabo ya dubi yarinyar, ya dubi liƙin da bai gama hucewa ba, ya bar Samba ya tafi da bidon. Tun daga ranar, duk wanda ya sauko daga arewa sai ya tambaye shi labarin wani Samba. To, Samba a daji ai ba ɗaya ba ne. Habi ta ce sau da yawa yana cikin cin tuwo sai ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Ko liƙin nan ya riƙe?"

Bana hayaƙin roba ya kama masa ƙirji, likita ya ce a ajiye ƙarfe. Ranar da ya hura wutarsa ta ƙarshe muka taru muna yi masa barka da hutawa, sai ga wani dattijo da wata mace mai goyo. Ya dire wani koɗaɗɗen bido cike da ruwa a gaban Rabo.

"Ba gyara na kawo ba," in ji dattijon, ashe Samba ne. "An ce mini kana cigiyata, kuma za ka bar aiki. Wagga ita ce ɗiyar da ka gani bisa jaki. Wanga kuwa jikana ne."

Rabo ya sunkuya. Ya shafa tsohon liƙinsa da yatsa, ya ɗauki bidon ya ɗora kan busasshen yashi, ya zauna. Muka yi dariya, wasunmu da ƙwalla, muka zauna tare da shi.

Rabo, kai ne ka koya mana cewa abin da ya fashe bai mutu ba. Kai ne ka rage wa bolarmu tudu ba tare da ka taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Mun gode, Allah ya ba ƙirjinka lafiya, ya saka maka da aljanna. Mu kuma da Rabo ya bar wa ƙarafansa, kafin mu jefar da abu mu juya shi mu duba, wataƙila da sauran tafiya a jikinsa.

Da aka kira la'asar, Rabo ya ɗaga bidon ya tsura wa wurin ido. Yashin a bushe yake ƙayau. Ya juya ya dubi matarsa.

"Habi, ya riƙe. Zubo mini tuwona."