Noti Biyu a Cikin Na'urata

Jama'a, yau na ga ikon Allah! Da na sani, da ban auna kayan zamani da tafin hannu ba.

Na tsufa ina sayar da kwaɗon ƙofa, kuma ƙa'idata ɗaya ce: mai nauyi shi ne mai ƙarko. Da wayata ta cika, na je Sabon Gari neman SSD mai araha, na'urar ajiyar hotuna. Na ɗaɗɗaga su, na zaɓi mafi nauyi. Mai shagon ya ce, "Baba, ka san kaya!" Na kumbura. Aka juye min hotunan Hajjin marigayiya matata a ciki, na goge na waya.

Yau jikoki suka zo ganin hotunan kakarsu. SSD ɗin ya ƙi buɗewa! Na garzaya wurin Ɗanladi mai gyara a Barkin Sale. Ya ɓare shi, ya kwashe da dariya.

"Baba, wa ya zaɓa maka wannan?"

"Ni ne. Ka ji nauyinsa kuwa?"

"Na ji. Ga nauyin nan."

Noti biyu na ƙarfe, an manne da gam! A gefe ga ɗan memori kamar farce.

"Hotunan fa?"

"Ba su taɓa zama a ciki ba, Baba. Jabu ne, wannan ɗan memorin ba zai iya ɗaukar su ba."

Na koma shagon a fusace. Mutumin ya ce, "Ai da hannunka ka zaɓa."

Don Allah kada ku yi irin tawa, ku gwada kafin ku goge. Wanda kuma ya yi Hajji tare da Hajiya, in yana da hotonta ko ɗaya ne, ya turo min.